Daga zango zuwa tauraron ɗan Adam: tarihin auna hanya bisa keke a ƙasar Magarya da Dungas



Ranar Lahadin da ta wuce, da hantsi, na iske samari biyar a bakin hanyar Bande, wajen fita garin Magarya. Kowa ya jingine kekensa yana share gumi, ana ta gardama kamar za a doku. Tare suka tafi, tare suka dawo, amma wayar ɗaya ta ce kilomita 38 suka yi, ta ɗayan ta ce 41, na ukun kuma tasa ta mutu tun kafin su juyo. Cikinsu akwai ƙanen wani abokina. Da ya gan ni sai ya ce, "Yaya, ni na gaji da ƙaryar wayar nan. Ragona zan saida in aika Kano a sayo mini GPS na gaske, irin wanda ake ɗaurawa bisa kan keke."

Wani dattijo mai facin taya yana zaune gefe da robar ruwansa, yana jin su. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ƴaƴana, mi ya yi zahi? Bande dai tahiyar hantsi ce. Haka muka iske ta wurin iyayenmu." Samari suka fashe da dariya. Ni ma na yi, amma maganar ta bi ni har gida. Tsohon nan da yaran nan tambaya guda suke amsawa: hanyar nan mene ne nisanta, kuma ina nake a cikinta? Tambaya ce da ta girmi keke, ta girmi kwalta, ta girmi iyakar da ke tsakaninmu da Najeriya ma. Tun da har rago ya shiga maganar, na ga ya kamata mu bi tarihin daga tushe kafin a kai shi kasuwa.

Zamanin zango

Kakanninmu da lokaci suke auna hanya. Mutum zai ce maka gari kaza tafiyar hantsi ne, ko tafiyar wuni, ko kwana uku. Fatake kuwa da zango suke lissafi, wato inda ayari zai sauke kaya ya kwana. Madugu ne shugaban tafiya, jagaba shi ke gaba yana duba hanya da masauki. Ba a yin zango sai inda akwai rijiya ko tafki, da wurin kiwon dabbobi, da aminci. Shi ya sa zango biyu ba sa zama daidai: wani gajere ne saboda rairayi, wani dogo ne saboda babu ruwa a tsakani. In aka ce maka zango huɗu, an faɗa maka nisa, an kuma faɗa maka inda za ka sha ruwa sau huɗu. Da dare kuma ga taurari, su Kaza da ƴaƴanta, ga Gamzaki mai tada matafiyi da asuba.

Zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ayari na tasowa daga Tarabulus ya ratso Sahara ya sauka Damagaram, ya wuce Kano. Ƙasarmu tana tsakanin biranen nan biyu. Har yau sunan bai ɓace ba: ga unguwar Zango a Damagaram, inda baƙin fatake ke sauka a wajen Birni, ga kuma garin Zango kusa da Daura, wanda gidan sarautarsa da na Magarya duk jinin Daura ne.

Ɗaya daga cikin baƙin farko da suka yi wa hanyoyin ƙasashen nan awo irin na takarda da gaske shi ne Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdul Karim. Ya iso Damagaram a ƙarshen 1852, ya yi wajen wata guda, sannan ya nufi Katsina. Kayan aikinsa agogo ne da busol, allurar nan mai nuna arewa. Yana bisa doki yana duba agogo, yana rubuta inda hanya ta karkata da mintin da aka yi, yana tambayar sunan kowane ƙauye. In ka duba da kyau, abin da manhajar waya ke yi yau ke nan: lokaci, da alƙibla, da layi bisa taswira. Shi dai da hannu ya yi nasa, shekara biyar yana yi.

Ranar da awo ya raba mu

Mu da muka yi lakwal an koya mana 1898, shekarar da aka kashe Kyaftin Cazemajou a Damagaram, da 1899, shekarar da Faransawa suka ci garin aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne, a yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka sa wa hannu a Yunin 1898, iyakar da ke kudu da Damagaram ta bi layin digiri 13 da minti 20 ne arewa da tsakiyar duniya. Magarya kuwa tana kan digiri 13, Bande da Dungas ma duk suna kudu da wancan layi. Ma'ana, bisa takardar farko, mu a rabon Ingilishi muke. Da abin ya tsaya haka, da yanzu da Turancin Ingila muka yi karatu, da naira ake biyan mu.

Faransawa ba su yarda ba. A 1904 aka amince cewa ƙasashen da ke bin Damagaram a bar wa Faransa su gwargwadon iko, a 1906 aka sake zana layin ya sauko kudu. Daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa tun daga kogin Kwara har tafkin Cadi, suka kafa alamomi 148. Su ne turakun da tsofaffinmu na bakin iyaka ke kira tangaraho. Ta yaya suka san inda suke a cikin daji? Da dare suke kafa na'ura su auna tsayin tauraro, su duba agogo, su yi lissafi. Aikin dare guda ko fiye don a san wuri ɗaya. Yau yaro yana taɓa waya, cikin daƙiƙa kaɗan ɗigo shuɗi ya fito.

Na kawo wannan ne don mu san awo ba wasa ba ne. Minti ashirin na digiri, wajen kilomita 37, shi ya yanke wace ƙasa za mu zama. Ba'amurke William Miles, wanda ya koyar a Magarya a ƙarshen shekarun 1970, ya rubuta littafi sukutum a 1994 a kan Yekuwa ta wajenmu da Ƴardaje ta wajen Daura, ƙauyuka biyu maƙwabta da layin nan ya raba.

Layin ya raba har da mudun awon. Faransawa suka zo mana da kilomita, wadda suka ƙago bayan juyin juya halinsu: a 1791 suka ce mita ɗaya ita ce kashi ɗaya cikin miliyan goma na nisan da ke tsakanin ƙuryar arewa da tsakiyar duniya. Ingilishi suka kai wa ƴan'uwanmu mil, wanda ya yi kilomita 1.6. Najeriya ta koma kilomita a shekarun 1970, amma har gobe akwai Mil Tara a Kano. Mu kuma muka gajarta, muka ce kilo: Magarya zuwa Damagaram kilo 90 da ƴan kai.

Dokin ƙarfe da kuɗin gyaɗa

Shi kansa keke ba tsoho ba ne can. A 1817 wani Bajamushe, Karl von Drais, ya ƙera na itace marar feda, ana tura shi da ƙafa. A shekarun 1860 aka sa masa feda a Paris. Kekenmu na yau, mai ƙafa biyu daidai da sarƙa, John Kemp Starley ya fito da shi a Ingila a 1885, a 1888 kuma Dunlop ya kawo taya mai iska. Ka ga lokacin da Tilho ke kafa tangaraho, keken da muka sani bai wuce shekara ashirin da ƴan kai ba a duniya.

Ƙasar Hausa ya shigo ta hannun Turawa da ma'aikatansu. Tsofaffi basukur suke ce masa, wasu dokin ƙarfe, ƴan lakwal kuma belo. Abin da ya sauko da shi hannun talaka gyaɗa ce. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, ƙasar Magarya kuwa ta zama ɗaya daga cikin manyan rumbunan gyaɗar Nijar. Bayan samun ƴancin kai aka kafa SONARA a 1962 don sayen ta, daga baya aka gina masana'antar mai ta SEPANI a nan Magarya. Manomi ya kai gyaɗa sikeli da kaka, ya biya haraji, ya yi wa iyali tufa, in da saura sai keke ko rediyo. In farashi ya fi kyau a tsallake, gyaɗa ta bi dare ta tsallaka, in ya fi kyau a nan, ta can ta shigo. Keke na cikin masu ɗaukar ta.

Sarkin kekuna a lokacin Rali ne, wato Raleigh na birnin Nottingham, wanda har aka zo ana harhaɗa shi a Kano. Ta wajen Faransa akwai Peugeot. Daga baya Phoenix na Sin ya cika kasuwa saboda sauƙin kuɗi, Hero na Indiya ya biyo. Mushen lakwal, da mai allura, da gardi, da ɗan koli mai bin kasuwannin ƙauye, da ango sabon aure, duk bisa keke. A yi masa ado da roba kala-kala, a sa madubi biyu, a sa ƙararrawa, a kwantar da shi cikin ɗaki kamar mutum. Fari na 1973 da 1974, da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, suka karya wannan arziki, amma keke ya riga ya zauna.

Abin lura shi ne keke ya taƙaita ƙasa ba tare da ya canja mudun awo ba. Tafiyar wuni ta koma ta hantsi. Mutum zai ci kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya kwana gidansa a ƙasar Dungas. Amma ba wanda ke tambayar kilo nawa ya yi. Tambayar ita ce: akwai rairayi? Akwai ƙaya? Ƙoramar ta kawo ruwa?

Mu ƴan shekara talatin da wani abu mun riski ƙarshen wannan zamani. Ina CM2 muke tara dala biyar-biyar mu je wurin mai hayar keke. Agogonsa ne alƙali, in ka ƙara minti guda sai ka ji a kunnenka. Ƙafa ba ta kai feda daga sirdi, sai mu zura ta ƙarƙashin ƙarfe mu yi ta tuƙi a karkace. Tabon gwiwata na hagu daga can yake. Ba a daɗe ba moto na Sin da na Indiya suka yi araha, kabu-kabu ya cika gari, keke ya koma na ƴan makaranta da wanda ba shi da hali. Saurayi ya ga hawa keke zubar da aji ne.

Sai ga shi ya dawo ta ƙofa biyu. Ta farko aljihu: ranar 29 ga Mayun 2023 Najeriya ta cire tallafin man fetur, farashi ya ninka kusan sau uku a can, mu da muke shan man kwalba na tsallake muka ji a jikinmu, ga rufe iyaka da ya biyo bayan watan Yulin shekarar. Mutane da dama suka kakkaɓe tsohon keke. Ta biyu lafiya da sha'awa: likita na ce wa mai hawan jini da mai ciwon suga su motsa jiki, samari kuma suna kallon tsere a waya. Burkina tana da Tour du Faso tun 1987. A 2024 Biniam Girmay na Eritiriya ya ci koriyar riga a Tour de France, a 2025 aka yi gasar duniya a Kigali, karo na farko a Afirka. Wanda ya hau keke don motsa jiki kuwa dole ya so sanin nawa ya yi jiya, nawa ya yi yau. A nan kilomita ta kori hantsi.

Daga ƙirga juyin taya zuwa sauraron sama

Na'urar farko mai farin jini ta auna tafiyar keke wani Ba'amurke ne, Curtis Veeder, ya fito da ita a 1895. Ƴar ƙaramar aba ce da ake ɗaurawa a gindin ƙafar gaba, duk juyi ɗaya wani ɗan ƙarfe ya taɓa ta, ta ƙirga. Lissafin ba wuya: tayar babban keke irin Phoenix, mai inci 28, tana cin wajen mita 2.2 a juyi guda, wato juyi kusan 450 ne kilomita. A shekarun 1980 aka mai da ita ta batir: maganaɗisu a jikin wayar ƙafar keke, ɗan gilashi bisa kan keke yana nuna gudu da nisa. Ita ce kwantar da ake sayarwa har yanzu.

GPS kuwa sojan Amurka suka ƙera shi don kansu. An harba tauraron farko a 1978, tsarin ya kammala da taurari 24 a 1995. Suna can sama wajen kilomita 20,200, kowane yana kewaya duniya sau biyu a kwana guda. Ni da nake aikin rediyo, ga yadda na fahimce shi: kowane tauraro gidan rediyo ne mai shiri ɗaya tak, dare da rana yana cewa ni ne wane, ina wuri kaza, ƙarfe kaza daidai. Wayarka mai sauraro ce kawai, ba ta mayar da magana. Tana duba lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, ta san nisanta da tauraron. In ta ji huɗu, ta san inda take. Saƙon na gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ya isa ya kauce da kai mita 300. Shi ya sa agogon da ke cikin taurarin ba irin namu ba ne.

Da farko da gangan Amurka ke gurɓata saƙon farar hula, kuskure ya kai mita 100. A watan Mayun 2000 aka daina, ya sauko wajen mita goma ko ƙasa. Daga nan kasuwa ta buɗe. Garmin, da aka kafa a 1989, ya fito da na'urorin Edge na keke a tsakiyar shekarun 2000, Strava ta zo a 2009. Yanzu Rasha na da GLONASS, Turai na da Galileo, Sin na da BeiDou, kuma yawancin wayoyin zamani suna sauraron fiye da ɗaya.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: GPS ba ya cin kiredi, ba ya buƙatar rezo. Ko kana tsakiyar gonakin Guci inda ba sanda ko ɗaya, wayarka tana jin taurari. Abin da ke cin mega shi ne sauke taswira da tura tafiyarka ga abokai.

To me ya sa wayoyin samarin nan suka saɓa? Waya ɗigo take ajiyewa, bayan daƙiƙa ɗaya ko ƴan daƙiƙu ta sake ajiye wani, sannan ta haɗa su da miƙaƙƙen layi. Wadda ke jinkiri tana yanke kwana, sai nisanta ya ragu. Wadda ke rawa, ɗigonta na tsalle hagu da dama, sai nisanta ya ƙaru, ko kana zaune gindin gawo kana shan rake tana ƙara maka mita. Wata kuma tsarin tattalin batir ne ke kashe manhajar in gilashi ya mutu. Daga 38 zuwa 41 ba ƙarya ba ce, kowace iyakar jinta ta faɗa.

To wanne za a saya?

Hawa uku ne. Na farko kwantar mai maganaɗisu. Ita ta fi araha, ɗan batirinta na wata da watanni, ba ruwanta da caji. In ka auna tayarka da kyau, ka yi alama a ƙasa, ka tura keke juyi ɗaya kana bisa, ka auna da mita ka shigar mata, nisanta ba ya da gardama. Aibinta ba ta san inda kake ba, ba ta zana hanya.

Na biyu wayar da ke aljihunka. Strava ta fi ƙarfi wajen ajiye tarihin tafiya da gasa da abokai, kuma ta kyauta ta isa wannan, sai dai wasu sassanta na biya ne da katin banki. Komoot ta fi karkata ga tsara hanya. OsmAnd da Organic Maps suna bari ka sauke taswirar Nijar da ta arewacin Najeriya sau ɗaya, ka yi ta aiki ba intanet, wanda a wurinmu shi ne babban abu. Sharaɗi uku: ka cire manhajar daga tattalin batir, ka jira ɗigo ya natsu kafin ka tashi, kuma kada ka ɗaura waya a rana bisa kan keke. Zafin watan Afrilu zai kashe ta, girgizar birji za ta gajiyar da ita, faɗuwa ɗaya cikin rairayi ta fasa gilashi. Aljihu ko ƴar jaka ya fi.

Na uku na'urar GPS ta keke zalla, irin su Garmin, Wahoo, Bryton, da na Sin masu sauƙi kamar iGPSPORT. Batirinsu na kai wuni ko fiye, ana ganin rubutunsu cikin rana, ba sa tsoron ruwa da ƙura. Amma manyansu sun fi keken da yawancinmu ke hawa tsada, kuma in ta lalace ba mai gyaran ta a kusa. Wanda ke yin kilo 80 ko 100 a fita ɗaya, ko yake shirin tsere, kuɗinsa bai faɗi ba. Wanda ke zuwa Bande ya dawo ranar Lahadi, taya mai kauri da famfo da kayan faci da gorar ruwa sun fi masa amfani.

Abin da waya ba ta sani ba

Buɗe taswira ka duba tsakanin Magarya da Dungas, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011. Manyan hanyoyi suna nan. Amma ƙananan hanyoyin da suka haɗa Ɗan Ciyawo, Malawa, Dogo-Dogo da ƙauyukansu, wasu babu, wasu an zana su daga hoton sama ba wanda ya taka. Sunaye kuma da rubutun Faransanci suke: ka nemi Waca sai ka rubuta Wacha ko Ouacha, Guci ta zama Gouchi. Manhaja za ta ce maka minti 40, don ita ba ta san rairayin da zai sa ka sauka ka tura ba. Ba ta san tsidau ba. Ba ta san hanyar rani tana komawa gona da damina, sai a bi burtali ba. Ba ta san wace rijiya ke da guga ba. Duk wannan yana cikin kan mai facin nan da muka yi wa dariya. Matambayi ba ya ɓata.

Wannan giɓin yana da farashi. Tun daga 2012, da aka fara ba masu rigakafin shan inna wayoyi masu GPS a jihohin arewacin Najeriya, aka gano rugage da ƙauyuka da yawa da taswirar hannu ta tsallake, yaransu ba a taɓa zuwa musu ba. Wanda ba ya cikin taswira, sau da yawa ba ya cikin lissafi. OpenStreetMap, da aka fara a 2004, taswira ce da kowa ke iya gyarawa, ita OsmAnd da Organic Maps ke amfani da ita, kuma a Nijar ma akwai matasa masu wannan aiki. Ba wanda ya fi mai keke dacewa da shi: yana shiga inda mota ba ta shiga, yana tafiya a hankali, yana gaisawa da mutane. Samari biyar masu fita duk Lahadi, in suka riƙa ajiye hanyar da suka bi, da sunan ƙauye yadda masu shi ke faɗa, da inda asibiti da lakwal da famfo suke, cikin shekara guda sun yi wa ƙasarsu aikin da Barth bai samu yi mata ba.

Sai dai a yi hattara. A Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya ya lura cewa taswirar da Strava ta wallafa ta tafiye-tafiyen masu amfani da ita tana nuna sansanonin soja na ɓoye, har da nan yankin Sahel, saboda sojoji na motsa jiki da manhajar a kunne. In ta tona asirin soja, naka fa? Wanda ke wallafa tafiyarsa kullum ya faɗa wa duniya ƙofar gidansa, da lokacin fitarsa, da dajin da yake ratsawa shi kaɗai. A cikin saitin akwai inda ake ɓoye farko da ƙarshen tafiya, da inda ake taƙaita masu gani. A yi amfani da su, musamman ƙannenmu mata. Kusa da bariki ko shingen jami'an tsaro a mai da waya aljihu. In ka nufi wajen Tinkim ko wani bakin iyaka, ka riƙe katinka na ɗan ƙasa, ɗigo shuɗi ba takarda ba ce.

Da yamma na koma wurin dattijon da tayata da ta yi faci. Na ce, "Baba, samarin nan fa sun ce zuwa da dawowa kilo 40 ne." Ya tsoma tayar cikin ruwa yana neman kumfa, ya ce, "To madalla, ɗana. Kilon nan ya hwaɗa musu inda za su sha ruwa?" Na ce a'a. Ya ce, "To su zo in hwaɗa musu."

Shi kuma ƙanen abokina mun zauna mun gyara saitin wayarsa, mun sauke taswira. Rago yana nan ɗaure, yana cin harawa. Ya ce in ya kai kilo 100 a fita ɗaya za mu sake magana, na ce na yarda.

Roƙona ga masu karatu na Sasumburum, Kwaya, Yekuwa, Waca, Guci da sauran garuruwanmu: ku tambayi tsofaffinku tsoffin zangunan fatake da ke kusa da ku, da sunayen hanyoyi da rijiyoyi, da wanda ya fara shigo da keke garinku da irin keken. Ku rubuta ku aiko mana tun masu sanin suna raye. Allah ya kai kowa gida lafiya.